Sau uku ana yi mata fomat, shuɗin allo bai daina ba

Baban Sadiƙ, Sabuwar Unguwa, Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ya sanyi, ya ƙura? Ina neman taimakon waɗanda suka san kan kwamfuta, don tawa ta kai ni maƙura.

Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa. Shekara uku da suka wuce na sayi kwamfutar tebur ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje: Core i5 ƙarni na huɗu, RAM 8GB, rumbun ajiya HDD mai 500GB, da Windows 10 a kanta. Da ita nake ɗan lallaɓa rayuwa. In an tashi daga makaranta sai in buga ma wasu makarantun kuɗi guda biyu tambayoyin jarrabawa, in haɗa masu sakamakon ɗalibai a Excel, wani lokacin kuma katin ɗaurin aure ko na walima. Sadiƙ, babban ɗana, da ita yake gwajin JAMB, tunda a kwamfuta ake rubuta ta. Tana falo, ƙasan tebur, daf da tagar da ke kallon layi. Layinmu ba kwalta, duk babur ɗin da ya gitta sai ya bar mamu tsarabarshi.

Wajen watan Nuwamba ta fara. Ina cikin shigar da makin wani aji, na kai ɗalibi na arba'in da ɗaya, sai allo ya rikiɗe ya koma shuɗi, da 'yar fuskar nan mai ɓacin rai a sama, ta ƙirga har ɗari, ta tashi da kanta. Aikin awa guda ya tafi. Na ce tsautsayi ne. Bayan kwana biyu ta maimaita, daga nan kuma ya zama kusan kullum.

Na kai ta wurin wani mai gyara, ya ce bayiros ne, ya yi mata fomat, na ba shi dubu biyar. Ta yi kwana huɗu lafiya, ranar na biyar ta dawo da halinta. Na mayar, ya sake. A karo na uku ma ina zaune a gabanshi, ana cikin ɗora Windows ɗin ta tsaya, sai da ya sake farowa. Dubu goma sha biyar ke nan, ban da kuɗin mai Napep da ke ɗauko mu ni da ita.

Da na gaji, sai na sa Sadiƙ ya riƙa ɗaukar hoton allon da waya duk sanda ya fito. Abin da ya ɗaure mani kai shi ne rubutun da ke ƙasa ba iri ɗaya ba ne. MEMORY_MANAGEMENT ya fito sau huɗu, IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL sau biyu, PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA sau ɗaya, sai wani KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR shi ma sau ɗaya.

Ban da wannan, akwai lokutan da ba ta ma tsayawa yin shuɗin, sai dai ɗif, kamar an zare mata waya. Wannan ya fi faruwa da dare in mun tada ƙaramin inji. Sannan duk safiyar da na kunna ta sai in iske agogonta ya koma shekarar 2013, kuma in ban gyara ba Chrome ba zai buɗe mani ko Gmail ba.

Uwargida ta ce in sayar da ita in huta. To da me zan sayi wata a wannan yanayin? Masana, tana gyaruwa ko in haƙura?

Maigyara Daura

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da fama. Kar ka sayar da ita tukuna, kuma don Allah kar ka ƙara biyan kowa kuɗin fomat. An bar jaki ne ana dukan taiki. Fomat manhaja yake wankewa, in ciwon a jikin ƙarfe yake ko sau goma aka wanke zai dawo. Abin da ka lissafa ma ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne suka tare a gida ɗaya, shi ya sa abin ya yi kama da na iska.

Bari in fara da mai arha. Agogon nan ba komai ba ne sai batir. A kan madabod, wato babban faifan da komai ke jone a kansa cikin akwatin, akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo, sunansa CR2032, mai bolt 3, shi ke riƙe lokaci sanda kwamfuta take a kashe. Naka ya mutu, kuma ba laifinsa, ya haura shekara goma yana aiki. Masu sayar da batirin agogo da na makullin mota suna da shi. Shi kuma Chrome gaskiyarsa ce: kowane shafi yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, to in kwamfutarka ta rantse cewa 2013 ake ciki, a wurinta ba a ma haifi takardar ba.

Yanzu shuɗin allo. Hotunan da ka sa yaro ya ɗauka sun fi duk fomat ɗin nan uku amfani. In direba ce ta lalace, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe kamar firinta ko katin hoto, yawanci suna ɗaya zai yi ta fitowa, sau da yawa har da sunan wani fayil mai ƙarewa da .sys a ƙarƙashinsa. Amma in yau wannan suna gobe wancan, RAM nake fara tuhuma. Ka ɗauki RAM kamar allon almajiri, a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa. In akwai wani gurbi a jikin allon da ba ya kama tawada, duk kalmar da ta faɗa wurin za a karanta ta ba daidai ba, kuma ba kalma ɗaya ce ke faɗawa wurin kullum ba. Haka duk manhajar da aikinta ya sauka a lalataccen gurbin RAM ita ke faɗuwa, sai sunan kuskuren ya yi ta canzawa. Tsayawar da ta yi ana cikin ɗora Windows ma ta ƙara mini ƙarfin zato. Da a teburina aka yi haka, a nan take zan ajiye filashin in buɗe murfi.

Ga abin da za ka yi ran Asabar da hantsi. Zare wayar wuta gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa goma don ragowar wutar ta fita. Ka fita da ita tsakar gida ka buɗe murfin gefe. Kafin ka taɓa komai a ciki, ka dafa ƙarfen jikin akwatin. Ka san yadda hannu ke ba da tartsatsi da hunturu in ka taɓa ƙofar mota ko ka yaye bargo da dare? Wannan 'yar wutar da kai ba ta yi maka komai tana iya kashe RAM. Ka hure ƙurar da abin hura iska, ba da baki ba saboda yawu, ba kuma da jiƙaƙƙen tsumma ba. Ka riƙe fanka da yatsa kana hurawa, kar ka bar ta tana wulwulawa. Ka duba tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a nan ƙurar ƙasar nan tamu ke kwanciya ta zama kamar bargo, zafi ya rasa hanyar fita.

Sai ka danna 'yan maƙallan da ke gefe da gefen RAM, zai ɗago da kansa. Ka riƙe shi ta gefe, ka goge haƙoran nan masu ruwan zinare da farar kilinar fensir mai tsabta, a hankali, ka kaɗe burbushin, ka mayar har ka ji ƙas. Na sha ganin kwamfutar da iyakar ciwonta ke nan.

In ka haɗa ta, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta mdsched.exe, za ta tashi ta gwada RAM ɗin da kanta. Wannan gwajin na gaggawa ne, wani lokacin ɓarawo na wuce shi. Wanda na fi yarda da shi MemTest86 ne, kyauta ne, a filashi ake sa shi a tayar da kwamfutar daga kansa. Ka nemi filashin da ba komai a ciki don zai share shi. Zagaye huɗu yake yi, yana cin awanni, ka nemi inda wuta ba za ta yanke ba. Ja ko guda ɗaya ya fito, akwai matsala. In RAM biyu ne a ciki, ɗaya bayan ɗaya za ka gwada su, kuma wanda ya nuna ja ka canza masa gurbi ka sake, don a gane shi ne ko gurbin ne.

Abu ɗaya nake roƙonka: kar ka canza abu biyu a rana ɗaya in ba dole ba. In ka yi haka ta warke, ba ka san wane ne ya warkar da ita ba, ranar da ta sake kuma ka koma farko. Ka samu littafi ka riƙa rubuta lokaci, da abin da kake yi, da wace wuta ake kai. In ka rubuta perfmon /rel a wannan akwatin na Windows da R, zai nuna maka jadawalin kwanaki da jan tambari a duk ranar da ta faɗi, sai ka gwama da littafinka.

Mutuwar ɗif ɗin nan kuwa zancen wuta ne, akwai waɗanda suka fi ni sani a nan.

Maman Ihsan, Ƙofar Ƙaura

Maigyara Allah ya saka da alheri, amma ka tsallake guda ɗaya, kuma ni shi ne ya sa gabana ya faɗi. Malam, KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ɗin nan da ka ce sau ɗaya ya fito, ma'anarshi Windows ta je ɗauko wani abu daga rumbu ta kasa karanto shi. Yana iya zama RAM ɗin ne dai, ko wayar rumbun ce ta saki, amma yana iya zama rumbun ne ya fara sallama. Don haka ni ban yarda ka jira Asabar ba. Yau da daren nan, kafin ka taɓa ko da sukuru ɗaya, ka kwashe kayanka.

Wanda ya taɓa ƙonewa ne ke maka magana. Ni ma buga takardu nake yi a gida, yawanci na ɗalibai masu rubutun kammala karatu. Tawa ta yi wata guda tana gargaɗi na ban gane ba. In na buɗe jakar fayiloli sai ta tsaya tana tunani, kuma in dare ya yi tsit ina jin wani ɗan sauti daga cikin akwatin, ƙyas, ƙyas, kamar ana taɓa cokali a jikin kofi. Na ce bari in gama aikin hannuna in kai ta. Ranar wata Laraba na kunna, ta ce ba ta ga rumbu ba sam. Babi huɗu na wata yarinya da za ta miƙa ran Litinin suna ciki. Wannan mun kwana uku muna sake bugawa daga rubutun hannunta, ita tana karantowa tana hawaye ni ina bugawa. Abin da bai dawo ba shi ne hotunan mahaifina, Allah ya jiƙanshi, na Sallar ƙarshe da ya yi da mu, yana zaune a zaure da jikoki. A nan kaɗai suke.

Shi HDD faifai ne a ciki yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi a samanshi. Abin da ke aiki haka, kuma ana yanke mashi wuta yana tsakiyar rubutu dare bayan dare kamar yadda ka faɗa, ga shekaru, ai ba a ba shi amana.

Ka fara da abin da in ya ɓace za ka shiga uku: sakamakon makarantun nan, tambayoyin jarrabawa, hotunan iyali. Ka sa a filashi, ka kuma ɗora a Google Drive, tunda kana da Gmail kana da 15GB kyauta. Wuri biyu, don filashi ma ɓata yake yi, yara kuma ba su bar komai ba. In ka gama sai ka sauko da CrystalDiskInfo, ƙarama ce kuma kyauta. Tana karanto rahoton da rumbun ke ajiyewa game da lafiyar kanshi. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa sai addu'a. Ka duba layuka uku, 05 da C5 da C6, su ne ke ƙirga wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa.

Kuma in wani ya ce ka yi chkdsk /r, ka ce mashi sai ka gama kwafi. Wannan umarnin yana sa rumbu ya karanta kanshi tun daga farko har ƙarshe, awanni yana aiki. Mara lafiya ba a sa shi tseren gudu don a gane ko da sauran ƙarfi.

Ɗan Foli

Baba, ni a ganina Windows 10 ɗin ce matsalar, ai an daina yayinta. Ka sa a ɗora maka 11, akwai dabarar da ake yi ta hau kowace kwamfuta. Akwai kuma wata manhaja da nake amfani da ita, dannawa ɗaya take gyara kurakurai sama da dubu. In kana so in turo maka.

Maigyara Daura

Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, shi ma na ɗan lokaci ne. Amma ma'anar hakan ita ce an daina aiko da facin tsaro, ba wai kwamfuta za ta fara faɗuwa ba. Windows 11 kuma a ƙa'ida tana son wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, ta Malam ƙarni na huɗu ce. Ana yi mata dabara ta hau, na sani, amma in RAM ne ya lalace fomat na huɗu kawai ka sa shi ya biya.

Ita kuwa manhajar dannawa ɗaya, ka cire ta daga taka ma. Kurakurai dubun da take nuna maka yawancinsu tarkace ne marasa cutarwa, tsoratarwa ce don ka biya kuɗi. Kwamfutocin da ake kawo mini cike da tallace-tallace masu faɗowa, da wuya in rasa irinta a ciki.

Hajiya Maman Ihsan, na karɓi gyara. Kwafi ne farko.

Mai Wayarin, Batagarawa

Salamu alaikum. Ni ba mai gyaran kwamfuta ba ne, wayarin da sola nake yi, amma ɗif ɗin nan gonata ce.

Malam, tambaya ɗaya: in kun tada injin, akwai firiza ko firji a kanshi? In akwai, ka zauna da dare ka zuba ma ƙwan falo ido. Duk sanda kwamfuresar firiza za ta tashi tana jan wuta ninkin abin da take ci in ta daidaita, har sau da yawa, na ɗan lokaci kaɗan. Babban layi ba ya jin wannan, amma ƙaramin injin nan da ake haɗa mashi fetur da baƙin mai sai ka ji muryarshi ta canza, ƙwai ya dushe ya dawo. Kai a idonka ƙiftawa ce. Ita kuwa fawa-fak ɗin kwamfuta, wato akwatin da wayar wuta ke shiga a bayanta, abin da aka gina ta ta iya riƙewa in wuta ta yanke bai fi kashi 16 ko 17 cikin dubu na daƙiƙa ba, tana sabuwa ke nan. Wadda ta shekara goma tana shan zafin bazarar Katsina, kafasitocinta, 'yan gwangwanayen da ke riƙe wutar, sun gaji, ba ta kai haka.

In kana son shaida, ka rubuta eventvwr a akwatin nan na Windows da R, ka shiga Windows Logs, ka shiga System, ka nemi Kernel-Power mai lamba 41. Kar ka tsorata da jan da ke jikinshi, kuma kar wani ya ce maka shi ne ciwon. Shaida ce kawai cewa kwamfuta ta mutu ba sallama. Amfaninshi lokacin da ke jiki, ka duba ko ya dace da lokutan inji.

Mutane da yawa sitabilaiza suke saye su ce sun gama. Sitabilaiza tana ɗaga wuta in ta yi ƙasa da 230 ɗinmu, ta sauke ta in ta yi sama, amma ba ta ajiye wuta, kuma kafin ta yi ƙas-ƙas ɗinta ta canza mataki kwamfuta ta riga ta mutu. UPS kake buƙata, akwatin da ke riƙe ma kwamfuta wuta in an ɗauke. Mai 650VA ya ishi kwamfuta da allonta, ban da firinta mai leza, kar ka kuskura ka jona ta a kai. Batir mai bolt 12 ne a ciki, mintoci kaɗan zai ba ka, iyakar ka adana aiki ka kashe ta da mutunci. Sai dai ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka gwada a kan injinka, don wasu UPS ɗin ba su yarda da wutar ƙaramin inji, bugunta ba ya tsayawa a kan 50 a daƙiƙa kamar na wutar gari, sai su yi ta kuka suna cin batir har ya ƙare. In na hannu za ka saya, ka ɗauka batirin ya mutu, ka sa kuɗin sabo a lissafi.

Ka duba ekistenshan ɗinka ma. In filogi na rawa a ciki, ko ka ga bakin ramin ya yi baƙi, ka jefar. Sannan tunda daga waje ta zo, ka leƙa bayan fawa-fak. Wasu tsofaffin suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, saboda wutar Amurka 120 ce. Ka tabbata yana kan 230, kuma ka gargaɗi yara. Na ga wadda yaro ya tura ma wannan makunnin da tsinke, ƙara ɗaya ta yi da hayaƙi. Ita fawa-fak ɗin kanta kar ka buɗe ta ko an zare waya, tana riƙe wutar da za ta iya jefar da mutum.

Baban Sadiƙ, Sabuwar Unguwa, Katsina

Jama'a, Allah ya saka maku da alheri, ya ƙara sani. Na yi shiru ne don ina son in ga kwanaki kafin in zo da labari.

Hajiya, a daren na bi maganarki. Na kwashe komai, sai hotuna uku na sunan autarmu da suka ƙi kwafuwa, in ta zo kansu sai ta tsaya cik. Allah ya sa suna wayar uwargida. CrystalDiskInfo ruwan ɗorawa ta nuna, kuma a kan C5 ɗin da kika ce. Jikina ya yi sanyi da na tuna sakamakon makarantu biyu a nan kaɗai suke tun bara.

Ran Asabar muka fito da ita tsakar gida ni da Sadiƙ. Na aro abin hura iska wurin wani maƙwabci mai gyaran waya. Wallahi da muka buɗe murfin kunya ta kama ni. Ƙarfen kan furosesa ba a ganin haƙoranshi sam, ƙura ta dunƙule ta zama kamar audugar katifa, sai da na sa tsinken tsintsiya na ɗago ta a faifai guda. A kusurwa ga tsohon gidan zanzaro, a ƙasa kuma ɓawon gyaɗa har uku da murfin biro, aikin auta ta ramin baya. Da muka hura sai da uwargida ta kwashe shanyarta. Mutumin da ya karɓi dubu goma sha biyar ɗina ko sau ɗaya bai kwance sukurun nan biyu ba. Na bar shi da Allah, amma ni ma da laifina, shekara uku ban taɓa leƙawa ba.

Batir na canza, agogo ya tsaya daidai. RAM biyu na iske, 4GB kowane, kuma ba kamfani ɗaya ba, ɗaya kore ɗaya shuɗi-shuɗi. Na goge su da kilina na mayar, washegari da la'asar shuɗin allo ya dawo, MEMORY_MANAGEMENT. Sai na ɗauke ta zuwa gidan wani abokin aikina mai sola, can wajen Ƙofar Marusa, muka sa MemTest86. Koren ya yi zagaye huɗu tas, muna shan shayi muna kallon lambobi suna gudu. Ɗayan kuwa ko minti goma bai yi ba ja ya fara zubowa. Na canza mashi gurbi kamar yadda Maigyara ya ce, ja dai. Na cire shi na sa a ambulan na rubuta "mugu" a bayanta.

Yau kwana tara ke nan tana tafiya da 4GB, ba shuɗin allo ko ɗaya. Ta yi nauyi, in Sadiƙ ya buɗe shafuka da yawa sai ta riƙa jan ƙafa, amma ba ta faɗi ba. Abokin nawa ya sa na buɗe Command Prompt da izinin mai gida na rubuta sfc /scannow, ta ce ta samu lalatattun fayiloli ta gyara. Ya ce ba mamaki, tunda da mugun RAM ɗin aka ɗora Windows ɗin.

Mai Wayarin, kamar kana falon. Firizar uwargida ce, ta kunun aya da zoɓon da take ba yara su kai bakin makaranta. Na zauna na kalli ƙwai, tana tashi ya dushe. Lokutan lamba 41 ɗin ma duk tsakanin Magariba da ƙarfe goma ne, ban da guda ɗaya. Mun yi sulhu: in ina aiki a kan inji a zare firiza, in na gama a mayar. Ba ta ji daɗi ba, ta ce kwamfutar ta zama kishiya.

To amma da sauran rina a kaba. Shekaranjiya da rana tsaka, da wutar gari, firiza ma ba a jone ba, ta yi ɗif sau ɗaya. Sannan kuɗin da zan iya fitarwa ƙarshen wata na abu ɗaya ne. RAM zan fara saye, ko rumbu, ko UPS? In RAM ne, me zan ce ma mai shago don kar a sake haɗa ni da wani mugun?

Maigyara Daura

Madalla Malam, aikinka ya yi kyau. In ka tashi sayen RAM, ka tafi da koren a aljihu cikin takarda. Ka karanta tambarin jikinsa, ƙarni na huɗu DDR3 yake ci, za ka ga wani abu kamar PC3-12800U. Harafin ƙarshen nan ka kula da shi: U na kwamfutar tebur ne, S gajere ne na laftof, R na manyan kwamfutocin kamfani ne, zai shiga gurbin amma ba za ta tashi ba, kuma shi ake yawan tura wa wanda bai sani ba saboda arha. Ka yi sharaɗin mayarwa, ka kai shi gidan abokinka ya yi zagaye huɗunsa kafin ka ce ka saya. Amma ba shi ne na gaggawa ba, 4GB na lallaɓawa.

Maman Ihsan, Ƙofar Ƙaura

Rumbu, Malam, ba ma sai an yi shawara ba. Ruwan ɗorawa ba ya komawa ya zama amana. Ka sayi sabon irin rumbun nan, SSD mai SATA, ko 256GB ne, wayoyin da ke jikin tsohon za su shige shi. Ba faifai ba allura, kuma nauyin nan da kake kuka da shi za ka ga ya ragu sosai. A ɗora Windows sabuwa a kanshi, wannan karon da dalili. Kafin nan duk daren da ka yi aiki ka tura shi Drive kafin ka kwanta.

Mai Wayarin, Batagarawa

Na bi bayan Hajiya, UPS ya jira wata mai zuwa tunda an yi sulhu da firiza. Ɗif ɗin rana kuwa, ka cire ekistenshan ka jona ta kai tsaye a soket ɗin bango na sati guda, da wata wayar wutar daban in kana da ita. In ta sake, fawa-fak ce ta gaji, sai ka ari wata ka gwada kafin ka saya. Ran Alhamis ina da aiki wajen Filin Samji, in kana gida bayan La'asar sai in biyo da mita in auna maka soket ɗin.

Baban Sadiƙ, Sabuwar Unguwa, Katsina

Ina gida in sha Allah, na turo maka kwatance ta saƙo. Ekistenshan ɗin na duba yanzu, ramin da kwamfutar ke ciki ya yi baƙi har robar ta ɗan narke.